Zagayen Lambunan Bankok: Abin da Kamfanin Tafiye-tafiye Ya Sayar Mana da Abin da Muka Tarar

Wasu daga cikin kamfanonin shirya tafiye-tafiye na Abuja, waɗanda suke kai mutanenmu ƙasar Tailan don fatauci ko don ganin likita, suna haɗa wa abokan cinikinsu yawon buɗe ido na yini guda a birnin Bankok, kuma daga cikin irin waɗannan tsare-tsare akwai zagayen lambunan shaƙatawa na birnin. Na sayi wannan tsari a wani kamfani da ke Wuse lokacin da na raka mahaifina a duba lafiyar zuciyarsa a watan Janairu, kuma ina ganin ya dace in bayyana yadda hidimar ta kasance, domin duk wanda zai fitar da kuɗinsa ya san abin da yake saye kafin ya sa hannu.

Dalilin da ya sa muka zaɓi lambuna maimakon fadoji da gidajen tarihi shi ne umarnin likita, wanda ya ce lallai Baba ya riƙa tafiyar ƙasa kowace rana a wuri shimfiɗaɗɗe mai inuwa. Masaukinmu yana unguwar Nana, inda Larabawa da 'yan Afirka suka fi sauka saboda abincin halal, amma gefen titunan unguwar cike yake da tebura da kekunan masu sayar da abinci da babura, ta yadda dattijo mai sanda ba zai yi taku ashirin ba tare da ya kauce wa wani abu ba. Hajiyar da ke da kamfanin ce ta ba ni shawarar tun muna ofishinta. Ta ce, “Alhaji, ka bar mini komai. A ƙofar otal za a ɗauke ku, a ƙofar otal za a sauke ku, kuma Baba ba zai taka ƙasa ba sai inda ya ga dama.” Takardar da ta miƙa mini ta lissafa mota mai sanyi da direbanta, da ɗan jagora, da lambuna uku, wato Lumphini da Benjakitti da Chatuchak, da abincin rana na halal, da ruwan sha, da kuɗin shiga. Adalci ne in ce a ɓangaren biza kamfanin ya yi aikinsa yadda ya kamata: su suka tuna mini da takardar wanke kai ta hukumar NDLEA da katin rigakafin shawara, kuma ba su bar ni ina zarya ba.

Abu na farko da mai karatu ya kamata ya sani shi ne babu wani kuɗin shiga. Lambunan nan uku na jama'a ne, hukumar birnin Bankok ce take kula da su, kuma ƙofofinsu a buɗe suke ga ɗan ƙasa da baƙo ba tare da an karɓi ko baht ɗaya, wato kuɗin ƙasar, ba. Don haka layin da aka rubuta a takardar kuɗi ne da aka karɓa a kan abin da ba a sayarwa, ko da kuwa ba shi ne mafi tsoka a cikin lissafin ba.

Motar ta iso bayan sallar asuba kaɗan, daidai lokacin da aka yi alkawari, kuma a nan ne muka haɗu da abin da ya fi komai daraja a cikin tsarin, wato ɗan jagoran. Matashi ne Musulmi daga lardin Pattani na kudancin ƙasar, wanda ya yi karatu a ƙasar Larabawa, saboda haka shi da Baba suka riƙa magana da Larabci, ni kuma da Ingilishi. Baba ya laƙaba masa “Malam” tun a gaisuwar farko, shi kuma bai taɓa shiga gaban Baba a tafiya ba, sai dai ya tsaya a gefensa na ɓangaren da masu gudu suke wucewa. Ya tambaye ni sunan maganin da Baba yake sha da lokacin shansa, ya kuma tambayi nisan da likita ya yarda ya yi, sannan ya tsara tafiyar a kan wannan. Ba a rubuta ko ɗaya daga cikin waɗannan a takardar kamfanin ba. Tarbiyyarsa ce da sanin aikinsa.

Lumphini shi ne lambun jama'a na farko a birnin. Sarki Vajiravudh, wanda ake kira Rama na 6, ne ya ba da filin daga cikin filayen sarauta a shekarar 1925, aka sa masa sunan garin Lumbini na ƙasar Nepal inda aka haifi Buddha, kuma mutum-mutumin sarkin yana tsaye a babbar ƙofar da ke fuskantar unguwar Silom. Faɗinsa rai 360 ne a ma'aunin ƙasar, kuma da yake kowane rai murabba'in mita 1,600 ne, ya kama hekta 57 da ɗoriya. Wanda ya san Millennium Park na Maitama, mai kimanin hekta 32, zai iya ƙiyasta girman da kansa. A lokacin da aka kafa shi wurin bayan gari ne, amma yanzu dogayen benaye na bankuna da otal-otal da ofisoshin jakadanci sun kewaye shi ta kowace fuska, ta yadda mutum yana ƙarƙashin itace mai duhuwa yana hangen gilasan benaye suna ɗaukar hasken rana ta farko.

Ana buɗe lambun tun ƙarfe 4:30 na asuba, kuma da muka shiga mun tarar ya riga ya cika. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yawan tsofaffi. Rukuni-rukuni suke, wasu suna atisayen tai chi na mutanen Sin a hankali cikin natsuwa, wasu riƙe da mafici wasu da takobi na wasa, wasu kuma sun kewaye teburin dutse da flas ɗin shayi da ƙananan kofuna suna hira. Hanyar da ta kewaye lambun ta kai kimanin kilomita biyu da rabi, a shimfiɗe take ba hawa ba gangara, masu gudu suna bin ɓangarensu masu tafiya suna bin nasu, kuma an hana hawan keke sai daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 na yamma, don kada a ture dattawan da suke fitowa da sanyin safiya. Benci ba ya nisa da ɗan'uwansa, banɗakunan da muka shiga a wanke suke kuma akwai ruwa, an hana shan taba da giya a ko'ina cikin lambun, kuma ban ga mai talla ya tare wa wani hanya ba. Ga mai rakiyar mara lafiya waɗannan ƙananan abubuwa su ne manya, domin su ne suke sa ya saki jiki. Baba, wanda a Abuja sai an yi ta lallashi kafin ya zaga harabar gida, ya yi fiye da rabin hanyar da kansa, yana tsayawa yana kallon sa'o'insa suna ɗaga ƙafa, har ya ce da ni, “Kai, waɗannan mutane ba su yarda tsufa ya zaunar da su ba.”

Muna zaune a bakin tafkin da ke tsakiyar lambun, inda ake ba da kwale-kwale masu feda da aka ƙera da siffar agwagwar ruwa, sai wata guza ta fito daga ruwa ba ta fi taku biyar daga ƙafar Baba ba. Tsawonta daga baki zuwa ƙarshen jela ya fi tsawon bencin da muke kai, fatarta baƙa mai ɗigon rawaya tana ƙyalli da ruwa, tana fitar da harshe mai reshe biyu tana mayarwa, a bakinta kuma akwai ragowar kifi. Ta ja jiki a kan ciyawa ta wuce mu ba tare da ta waiwaya ba, ta kwanta a inda rana ta fara sauka, hankaki baƙaƙe wuluk suna tsalle a bayanta suna jiran abin da za ta yar. Baba ya janye ƙafarsa ya riƙe carbinsa da kyau, sannan ya ce a fadamar garinsu guza ba ta tsayawa ta haɗa ido da ɗan Adam, domin ta san samari da karnuka suna bayanta. Malam ya bayyana mana cewa dokar ƙasar ta kare wannan dabba, cewa tana rage matattun kifaye da ɓeraye a lambun, kuma ba ta far wa mutum matuƙar bai matsa mata ko ya miƙa mata abinci ba. Ya ja kunnena a kan kada in kusance ta don hoto, domin jelarta bulala ce kuma cizonta yana saurin ruɓa. Na kawo wannan ne saboda iyalin da za su je da ƙananan yara su san da zamanta tun daga gida. Gwamma a gaya wa yaro kafin ya gani da idonsa ya ruga a guje zuwa bakin ruwa.

Da ƙarfe 8 ta cika sai lasifikokin lambun suka saki taken ƙasa. Malam ya riga ya gargaɗe mu da minti biyu, ya taimaka wa Baba ya miƙe. Mai gudu ya tsaya cak a inda ƙafarsa ta sauka, mai shara ta riƙe tsintsiyarta, masu shayi suka ajiye kofuna suka tashi, kuma lambun da ke ɗauke da ɗaruruwan mutane ya yi tsit har taken ya ƙare, sannan kowa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Haka ake yi kowace rana da ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma. Ba a tilasta wa baƙo, amma wanda ya ci gaba da tafiya ko waya a wannan lokaci ya nuna rashin ladabi a idon masu ƙasa. A nan ne kuma Malam ya gaya mana abin da ya kamata a ce kamfanin ya faɗa tun a Abuja: da yawa daga cikin lambunan birnin suna ɗauke da sunayen sarakuna da sarauniyoyi da hotunansu, kuma sashe na 112 na dokar laifukan ƙasar ya tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 15 ga wanda ya ci mutuncin sarki ko sarauniya ko magajin sarauta. Mutanenmu suna da saurin baki a kan shugabanni, kuma abin da yake raha a majalisar Wuse zai iya zama shari'a a can.

Tsakanin Lumphini da Benjakitti akwai gadar ƙafa da aka ɗaga sama, mai tsawon kimanin kilomita 1.3, wadda a lokacin take shafe da koren fenti. Malam ya ga hawanta zai wahalar da Baba, don haka ya sa shi a mota tare da direba, ni da shi muka bi ta gadar. Babu inuwa a mafi yawanta, kuma tana bi ta kan magudanar ruwa mai wari, amma ta kan ta ne mutum yake ganin Bankok ɗin da ba a sa wa a hoto: gidajen katako masu rufin kwano da ya yi tsatsa, shanya a kan igiya, tsohuwa tana soya abinci a ƙofar ɗaki, duk a gindin benaye masu hawa talatin da arba'in. Ya nuna mini lungun da masallacin da ake kira Masallacin Indonesiya yake, wanda shi ne mafi kusa ga mai son salla daga Lumphini. Mun riga motar isa.

Benjakitti ya bambanta da Lumphini ƙwarai, kuma shi ne ya fi ba ni abin tunani. Filin a da na masana'antar taba ce ta gwamnati. An buɗe kashi na farko, mai babban tafki da hanyar gudu a kewayensa, a shekarar 2004 don cikar Sarauniya Sirikit shekara 72, sannan bayan masana'antar ta tashi daga wurin aka mayar da sauran filin kurmi da fadama, aka kammala buɗe shi a 2022, har faɗin lambun gaba ɗaya ya kai kimanin hekta 70. Birnin Bankok yana kwance ne a ƙasa mai laka wadda ba ta fi tekun tudu da mita ɗaya da rabi ba, kuma ambaliyar 2011 ta nuna wa mutanensa abin da siminti yake jawowa idan ruwa ya rasa wurin shiga. Saboda haka waɗanda suka tsara sabon ɓangaren, ciki har da kamfanin Turenscape na ƙasar Sin da masu zane na cikin gida, ba su kawo ƙasa daga wani wuri sun cike filin ba. Sun haƙa ramuka ne suka tara ƙasar da suka haƙo ta zama ɗaruruwan ƙananan tsibirai, suka dasa itatuwa a kansu, suka bar ramukan su riƙe ruwan damina. Ana kuma janyo ruwan magudanar da ke gefen lambun, wanda yake da datti, a bi da shi ta cikin ciyayin fadama sannu a hankali har ya tace. An bar manyan itatuwan da aka tarar a tsaye, tsofaffin ɗakunan ajiyar taba kuma aka mayar da su wuraren wasanni.

Duk wannan bayani daga bakin Malam na fara jin sa, muna tsaye a kan doguwar gadar da ta ratsa saman fadamar, yana nuna mini da yatsa inda ruwan yake shigowa baƙi da inda yake fita garau. A ƙarƙashinmu bado ya rufe ruwa, furanninsa a buɗe, balbelu suna takawa a gefen kacala, mazari yana shawagi, kuma da ba don benayen unguwar Asok da suke tsaye a bayan itatuwa ba, mutum ba zai ce yana tsakiyar birni mai mutane miliyoyi ba. Gadar tana hawa ne a hankali ba da matakala ba, har mai kujerar marasa lafiya zai iya bi, kuma Baba ya hau wani ɓangare nata. Aibin wurin ɗaya ne: itatuwan sabon ɓangaren ba su gama girma ba, saman gadar kuma fili ne, don haka da rana ta ɗaga sai zafi ya kori kowa. Mun isa wajen ƙarfe 9, kuma kafin 10 rigata ta jiƙe sharkaf, duk da cewa watan Janairu yana cikin lokacin da su suke kira sanyi.

Ban iya kallon wannan fadama ba tare da na tuna da Abuja ba. An tsara birninmu da koraye wurare a tsakanin unguwanni da kuma gefen rafuka, kuma da yawa daga cikinsu yanzu ko dai an gina su, ko an kewaye su an mayar da su wurin gasa kifi da kiɗa da dare, inda magidanci ba zai kai mahaifinsa ko 'ya'yansa ba. Duk damina kuma muna kukan ambaliya a unguwannin da aka toshe wa hanyar ruwa. A can an karɓi fili mai tsadar gaske a tsakiyar kasuwanci an bar wa ruwa da tsuntsaye da tsofaffi, kuma raina ya sosu da na ga abu ne mai yiwuwa.

Daga nan ne hidimar ta fara lalacewa. A maimakon mu wuce Chatuchak kai tsaye, direban ya tsaya da mu a wani kantin duwatsu masu daraja da zobba, ya ce wai yana cikin tsari. Ba ya cikin takardar da aka ba ni. Malam ya sunkuyar da kai, daga baya ya gaya mini a hankali cewa kamfanin da ke riƙe da motar a Bankok yana karɓar kamasho a kan kowane baƙo da aka shigar kantin, ko ya saya ko bai saya ba, kuma shi ba shi da ikon hanawa. Kusan awa guda muka ɓata a wurin ana nuna wa dattijo mara lafiya zobba, sannan muka faɗa cunkoson motoci na ranar Asabar, ba mu isa Chatuchak ba sai da rana ta take tsaka.

Chatuchak a gaskiya lambuna uku ne maƙwabtan juna. Akwai shi Chatuchak ɗin, wanda aka buɗe a 1980 a filin da hukumar jiragen ƙasa ta bayar. Akwai lambun Sarauniya Sirikit na 1992, mai tarin tsirrai da furanni. Akwai kuma Wachirabenchathat, wanda kowa yake kira Rot Fai, tsohon filin wasan golf na hukumar jiragen ƙasa, inda ake hayar keke kuma akwai gidan malam-buɗe-littafi. A gefensu ne shahararriyar kasuwar Asabar da Lahadi take, mai rumfuna fiye da 15,000. Wuri ne da ya cancanci yammaci guda cur, amma an kawo mu a sa'ar da ko 'yan ƙasar ba sa fitowa. Baba ya yi taku kaɗan ya nemi inuwa, fuskarsa ta canza, na ce a dakata. Duk wanda ya tsara lambu uku a yini ɗaya a wannan birni, ya kuma sa na ukun da tsakar rana, bai taɓa tsayawa a cikin zafinsa mai ɗauke da danshi ba.

Batun abinci ya fi ɓata mini rai, domin amana ce. Gidan abincin da aka tanadar mana ba shi da tambarin halal, wato koren tambarin nan mai kusurwa huɗu da Majalisar Musulunci ta ƙasar take bayarwa, kuma a jerin abincinsa akwai naman alade, wanda ya zama ruwan dare a girkin ƙasar. An ce za a dafa mana kaza daban, amma a tukunya ɗaya da mai ɗaya. Malam ne ya faɗa mini gaskiya tun kafin mu zauna, ya kai mu wurin wata Musulma a cikin kasuwar, muka ci khao mok, shinkafa ce da ake dafawa da kurkum da kayan ƙamshi a ɗora mata kaza, tare da romo mai ɗan tsami. Abincin ya yi daɗi kuma ba shi da tsada, amma daga aljihuna na biya, alhali na riga na biya kuɗin abincin rana a Abuja. Haka kuma babu inda aka ware lokacin salla a cikin tsarin da aka sayar wa Musulmi daga ofishin Musulma. A ƙarƙashin wani itace a lambun muka shimfiɗa darduma, Malam ya duba alƙibla a wayarsa, muka fuskanci yamma kamar yadda ake yi a can, muka haɗa azahar da la'asar a matsayinmu na matafiya. Babu wanda ya dame mu ko ya tsaya kallonmu, kuma mai gadin da ya zo wucewa sai ya zaga ta bayanmu.

Bayan kwana biyu na koma Chatuchak ni kaɗai da la'asar sakaliya, kuma a wannan tafiya ce na gane cewa motar ma, wadda ita ce ta cinye mafi yawan kuɗin, ba dole ba ce ga mai lafiya. Layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na MRT mai launin shuɗi, wanda ya fara aiki a 2004, ya haɗa lambunan uku a jere: tashar Silom da ta Lumphini suna bakin ƙofofin Lumphini, tashar babban zauren taro na Sarauniya Sirikit tana jikin Benjakitti, tashar Chatuchak Park kuma tana buɗewa ne a cikin lambun. Kuɗin tafiyar bai kai baht 50 ba, jirgin yana da sanyi, kuma cunkoson titi bai shafe shi ba. Wanda ya sauka a Nana zai iya hawa jirgin ƙasa na BTS mai bi ta kan gada ya sauka a Mo Chit don Chatuchak, Benjakitti kuwa da ƙafa ma ana zuwa ta lungu na 10 na titin Sukhumvit. Da yamma Rot Fai wani wuri ne daban: iyalai sun shimfiɗa tabarmi a kan ciyawa, yara suna koyon keke, iska tana kaɗawa daga tafki, kuma na yi baƙin cikin cewa ba a wannan sa'a aka kawo Baba ba.

Da muka dawo Abuja na kai wa Hajiya ƙorafina a rubuce. Ta saurara, ta ba da haƙuri, ta mayar mini da kuɗin abincin rana da na shiga ba tare da jayayya ba, ta ce abokan hulɗarta na Bankok ne suka aiko mata da tsarin yadda yake. Na yarda da ita, kuma ban ɗauke ta mai ha'inci ba. Amma tana sayar da abin da ba ta taɓa gani ba, kuma idan abokin ciniki dattijo ne mai ciwon zuciya, wannan sakaci zai iya jawo abin da mayar da kuɗi ba zai gyara ba. Kuɗin da na biya ya kai na kwana ɗaya a otal ɗinmu, kuma idan na auna, rabin farko na yinin ya cancanci kuɗinsa saboda ɗan jagoran da kuma fitowar da aka yi da asuba, rabin na biyu kuwa asara ne.

Matashi mai lafiya wanda yake iya karanta allon tasha da Ingilishi ba ya bukatar wannan tsari ko kaɗan. Ya hau jirgi ya je Lumphini da asuba, ya je Benjakitti ko Rot Fai bayan ƙarfe 4 na yamma. Mai rakiyar dattijo ko mara lafiya ko iyali masu ƙananan yara shi ne zai amfana da mota da jagora, amma ya nemi a raba masa zagayen gida biyu, safiya ɗaya da yammaci ɗaya, ya kuma sa a rubuta masa cewa ba za a tsaya a kowane kanti ba, a rubuta sunan gidan abincin don ya tabbatar da tambarinsa, a ware lokacin salla da wurinta, a kuma goge layin kuɗin shiga. Ya nemi jagora Musulmi mai jin Larabci idan dattijon nasa ba ya jin Ingilishi, domin akwai su a birnin. Wanda yake da ƙarin lokaci ya tambayi lambun Suan Luang Rama na 9, mai rai 500, wanda aka buɗe a 1987 don cikar Sarki Bhumibol shekara 60 kuma ake bikin furanni a cikinsa a farkon Disamba, ko kuma Bang Krachao, wani yanki mai gonaki da kurmi a cikin lanƙwasar kogin Chao Phraya, wanda ake tsallaka masa da ƙaramin jirgin ruwa daga Khlong Toei. Shi wannan na ƙarshen na masu iya hawan keke ne, domin hanyoyinsa siraran dakali ne na siminti da aka ɗaga a kan ruwa, ba wurin dattijo mai sanda ba ne.

Lokacin tafiya ma yana da nasa hukunci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne zafi yake sassautawa, daga Maris zuwa Mayu kuwa, musamman Afrilu, ko safiyar ma ba ta daɗewa da sanyi, sannan damina ta biyo baya har zuwa Oktoba da ruwan yamma mai saukowa ba sallama. Sai dai watannin sanyin su ne kuma lokacin da hazon hayaƙin motoci da ƙone-ƙonen gonaki yake kwantawa a kan birnin, har wasu ranaku hukumomi su shawarci masu ciwon zuciya da na huhu su zauna a ɗaki. Mai rakiyar irin wannan mara lafiya ya duba ma'aunin ingancin iska a wayarsa kowace asuba kafin ya fito da shi, ya riƙe takunkumi a aljihu, kuma ya sa kamfanin ya amince tun a Abuja cewa za a iya ɗage ranar zagayen ba tare da ƙarin kuɗi ba idan iskar ta yi muni.